Awa Goma Sha Ɗaya

Gyaran agogo nake yi a Nima,
teburina na jingine da bangon kantin Issaka,
gilashi a ido ɗaya, tsinke a hannu,
hayaƙin turoturo na shiga mini miya.

Agogo biyu ne a akwatina ba na sayarwa ba.
Ɗaya na Akra.
Ɗayan yana baya da awa huɗu,
wani lokacin biyar, in sanyi ya kama su can.
Masu ciniki kan ce, Baba, wannan ya lalace.
Na ce a'a, shi ma yana faɗin gaskiya.

Yaron da ke sayar da tikiti a Mamobi
ya rubuta mini a bayan rasit:
daga nan zuwa Niyok
kilomita dubu takwas da ɗari biyu da 'yan kai,
awa goma sha ɗaya in ba a sauka ko'ina ba.
Na ninke takardar, na sa ƙarƙashin hula.
Awa goma sha ɗaya!
Na taɓa yin uku tsakanin Sakal da Kasuwa
ran Juma'a, a cunkoson hanya.

Kakana Ɗanjimma da jakai ya zo.
Kanwa ya ɗauko daga Kano,
wata uku kafin ya ga Salaga,
ƙaya a ƙafa, kuɗin fito a kowane kogi.
Amma duk shekara sai ya koma da goro
ya zauna a zaurensu a yi masa barka da tafiya.

Mutawakkilu kuwa, ɗana,
kwana ɗaya bai cika ba ya isa.
Bana shekara tara.
Wai takardarsa na hannun lauya,
wai in ya fito, ƙofa ta rufe ta baya.

Ran da Zuwera ta cika, da hantsi ne.
Na kira shi, can ko asuba ba ta yi ba.
Ya ce, Baba, ku jira ni.
Shi ya san ba zai zo ba, ni na san ba a jira.
Bayan la'asar muka kai ta.
Ko da jirgin na ƙofar gidansa da injin a kunne,
da yana tsakiyar teku aka mai da ƙasa.
Issaka ne ya ɗaga salula sama da kawunan mutane,
ɗana ya yi wa uwarsa rakiya ta waya.

Da dare jiragen kan bi ta kan rufinmu,
kwano ya yi rawa, jikokin maƙwabta su toshe kunne.
Ban san wanne ne nasa ba.
Kowanne na gani sai in ce,
Allah ya kai ku, ya sauke ku lafiya.

Watan jiya Ayishetu mai atamfa za ta tafi.
Kilo ashirin da uku, ta ce, ko allura ba ƙari.
Na cire shito kwalba ɗaya daga saƙon,
na sa agogon uwarsa a madadinsa,
ƙarami, mai bakin zinariya,
na wanke cikinsa, na sa sabon batir,
na manta ban mai da shi lokacinsu ba.
Shekara arba'in ina wannan sana'a,
abin kunya.

Jiya ya kira. Na ce, ka kai a juya maka shi.
Ya yi shiru, ina jin ƙarar jirgin ƙasa a bayansa.
Ya ce, Baba, bar shi haka.
Yanzu an kira magariba a masallacin layinmu, ko?
Na leƙa. Ladan yana gyara lasifika.
Na ce, saura minti ɗaya.